Duhu da Shiru: Yadda Ake Auna Fim ɗin Ban Tsoro a Faifan 4K

Duk lokacin da aka sake fitar da wani tsohon fim ɗin ban tsoro a faifan Ultra HD Blu-ray, wanda aka fi sani da faifan 4K, abin da masu talla suke fara ɗagawa shi ne cewa yanzu mai kallo zai ga abin da bai taɓa gani ba. Alkawarin yana da daɗin ji idan ana maganar fim ɗin yaƙi ko na namun daji, amma a fim ɗin ban tsoro akwai lauje cikin naɗi, domin shi irin wannan fim rabin aikinsa ɓoyewa ne. Darakta da mai ɗaukar hoto sun zauna sun tsara inda haske zai tsaya da inda duhu zai fara, sun san abin da ido zai kama da abin da zai yi ta lalube bai kama ba, kuma tsoron a cikin wannan laluben yake zaune. Saboda haka wanda yake son sanin ko faifai ya yi kyau, abin da ya kamata ya bincika shi ne yadda faifan ya riƙe duhun da shirun da masu fim ɗin suka gina aikinsu a kai.

Shi dai wannan nau'in faifai a shekarar 2016 ya shigo kasuwa. Hotonsa yana da ɗigo 3,840 a kwance da 2,160 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan 8, ninki huɗu na abin da Blu-ray na da yake ɗauka, wanda nasa 1,920 ne da 1,080. Faifan yana zuwa da girman gigabait 50 ko 66 ko 100, kuma ana matse hoton cikinsa da tsarin HEVC. Waɗannan su ne alƙaluman da ake bugawa a jikin kwali, amma a ganina yawan ɗigo shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikinsu ga fim ɗin da mafi yawan fitowarsa a ɗaki mai duhu ko dokar daji da tsakar dare suke faruwa. Ɗigo miliyan 8 na baƙi ƙirin ba su fi ɗigo miliyan 2 na baƙi ƙirin faɗin komai ba.

Abin da ya fi tasiri shi ne yawan matakan da ke tsakanin baƙi da fari. Tsohon Blu-ray yana aiki da bit 8, wanda ke ba da mataki 256 ga kowane launi, kuma a aikace mataki 220 kawai ake amfani da su, daga lamba 16 zuwa 235. Faifan 4K yana aiki da bit 10, mai mataki 1,024. A ɗauki misalin fitowar da wata mata take saukowa ɗakin ƙarƙashin ƙasa riƙe da kyandir ɗaya. Hasken kyandirin yana da ƙarfi a fuskarta da hannunta, yana raguwa a jikin bango sannu a hankali, har ya narke cikin duhun kusurwa ba tare da an ga inda ya ƙare ba. Idan matakan ba su isa ba, wannan narkewar ba ta yiwuwa, sai a ga hasken ya kasu zobe-zobe a jikin bangon kamar an yanka albasa, kowane zobe da iyakarsa, kuma zobunan suna rawa duk lokacin da harshen wutar ya motsa. Da zarar ido ya kama wannan, ya daina neman abin da ke laɓe a kusurwa, ya koma kallon lahanin hoto, tsoron kuwa ya tafi ke nan. Ƙarin matakan nan ne suke sa duhu ya zama mai zurfi, mai hawa-hawa, wanda mutum zai riƙa zaton akwai wani abu a cikinsa.

Daga nan sai batun HDR, wato faɗaɗa tazarar da ke tsakanin wuri mafi duhu da wuri mafi haske a hoto. Ana auna hasken allo da ma'aunin da ake kira nit. Tsohon tsarin bidiyo an gina shi ne a kan cewa fari mafi haske nit 100 ne, allon sinima na yau da kullum ma bai kai haka ba, wajen nit 48 yake tsayawa. Sabon tsarin kuwa an tsara shi ya iya kaiwa nit 10,000, kodayake allunan da ake gyara finafinai a kansu yawanci masu nit 1,000 ne ko 4,000. Nau'in da ake kira HDR10 shi ne tushe, kuma yana ba talabijin bayani guda ɗaya game da hasken fim ɗin gaba ɗayansa, daga farko har ƙarshe. Dolby Vision da HDR10+ suna ba da bayanin ne fitowa bayan fitowa, ta yadda talabijin za ta san cewa yanzu ana cikin rami mai duhu, nan da minti ɗaya kuma za a fito tsakar rana. Ga fim ɗin da yake tsalle daga duhu zuwa walƙiya cikin ƙiftawar ido, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, musamman a talabijin ɗin da haskenta bai taka kara ya karya ba.

Sai dai wannan faɗin da aka samu wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma a nan ne hannun mai gyaran launi yake nuna ko gwani ne. Idan ya danne duhun fiye da kima don hoton ya yi kauri, matakan da ke dab da baƙi sai su haɗe su zama abu guda, rigar mutum da gashinsa da bangon bayansa duk su zama dunƙulen baƙi. Idan kuma ya ɗaga duhun don ya nuna wa masu saye cewa sabon faifan ya tono abin da tsohon ya binne, sai asirin fim ɗin ya tonu. Akwai sanannen misali a fim ɗin Halloween na John Carpenter, na shekarar 1978. A wata fitowa kusa da ƙarshe, jarumar tana tsaye a bakin wata ƙofa mai duhu, sai farar fuskar makashin ta fara bayyana a bayanta kaɗan-kaɗan, kamar idon mai kallo ne yake sabawa da duhun. Mai ɗaukar hoton, Dean Cundey, ya samar da wannan ne ta hanyar ƙara hasken wata 'yar fitila a hankali. Duk ƙarfin fitowar yana rataye ne a kan sakan ɗin da fuskar za ta fara fita. In an ɗaga duhun, mai kallo zai hango mutum tsaye tun kafin lokaci, yana jiran a kunna masa fitila. In an danne shi, fuskar za ta faɗo kwatsam ba tare da wannan tsirowar da ke sa tsigar jiki tashi ba. Tazarar da ke tsakanin daidai da kuskure a nan 'yan matakai ne ƙalilan daga cikin 1,024.

Kafin a kai ga gyaran haske da launi, akwai tambayar da ta riga su, wato daga ina aka ɗauko hoton. Fim ɗin da aka ɗauka da zaren fim yana da asali guda, shi ne nagatif ɗin da ya zagaya a cikin kyamara ranar ɗauka. Daga shi ake buga kwafi na tsakiya, daga wannan a buga wani nagatif, daga shi kuma a buga kwafin da ake kai wa gidajen sinima. Kowane bugu yana rage kaifin hoto, yana ƙara masa kauri da duhu. Kamfanonin da suke fitar da faifan 4K suna alfahari idan sun samu nagatif na asali sun ɗauki hotonsa firam bayan firam, wato kowane hoto guda na jerin da ke kan zaren, kuma suna da gaskiya, domin babu inda bayanin hoto ya fi cika kamar nan. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: masu fim na wancan zamani sun san cewa babu mai kallon da zai ga nagatif, sun san bugu uku zai shiga tsakani, kuma sun dogara da shi ya rufa musu asiri. Siririyar wayar da ke riƙe da abin da yake yawo a iska, da gefen robar da aka manna a wuyan ɗan wasa don a nuna yanka, da bakin hular gashi, duk an bar su ne da sanin cewa ba za su fito a majigi ba. Yau ga su a fili. Masu gyara sun rabu a kan wannan, wasu suna goge wayar da kwamfuta da hujjar cewa haka masu fim suka so a gani, wasu suna barinta da hujjar cewa aikinsu adanawa ne. Ni dai na fi karkata ga a goge abin da babu shakka ba a yi nufin a gani ba, matuƙar ba a wuce nan an fara sake wa fim ɗin kamanni ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi jawo cece-kuce tsakanin masu tara faifai, wato yashin fim. Zaren fim yana kama haske ne da ƙananan ƙwayoyin sinadarin azurfa, kuma su ne suke bayyana a allo kamar yashi mai laushi da yake motsi ba ya tsayawa. Zaren da aka yi don ɗauka a wuri mai ƙarancin haske ƙwayoyinsa sun fi girma, shi ya sa finafinan ban tsoro, waɗanda yawancinsu da dare aka ɗauke su kuma da kuɗi kaɗan, suka fi sauran yashi. Mutane da yawa suna ɗaukar yashin a matsayin datti, alhali da shi aka gina hoton kansa. Idan aka sa manhajar share yashi da ƙarfi, tana tafiya da ramukan fata da zaren tufafi da gumin goshi, a bar fuskoki sumul kamar an sassaƙa su da kakin zuma. A fim ɗin ban tsoro asarar ta fi haka ma, domin motsin yashin a cikin duhu yana sa ido ya riƙa zargin wani abu ya gifta, kuma idan aka share shi duhun sai ya mutu, ya zama kamar an shafa fenti a gilashi.

Yashin kuma shi ne babban jarrabawar matsewa. Tsarin matse bidiyo yana samun sauƙi ne ta hanyar lura da abin da bai canza ba daga firam zuwa firam, yashi kuwa sabo ne a kowane firam, sau 24 a sakan ɗaya. Faifai mai gigabait 100 yana iya gudanar da bayanai har megabit 128 a sakan idan aka haɗa hoto da sauti, alhali kallon 4K ta intanet yawanci tsakanin megabit 15 da 25 yake yawo. Idan aka takura wa hoto, wurin da ake fara sadaukarwa shi ne duhu, saboda an ɗauka ido ba ya kula da shi, sai a ga yashin ya daskare a jikin bango, ko ya dunƙule gida-gida, ko ya riƙa bin kan ɗan wasa kamar garken sauro. Wannan yana faruwa a faifai ma, idan kamfani ya cusa fim mai tsawo da tarin ƙarin bidiyoyi a faifai mai gigabait 66, ko aka ba wanda bai ƙware ba aikin matsewar. Shi ya sa kamfanoni biyu za su iya fitar da fim ɗaya daga gyara ɗaya, amma faifansu ya bambanta a ido.

Ba kowane fim ne yake da abin da zai cika ma'aunin 4K ba, kuma babu laifi a faɗi haka. The Texas Chain Saw Massacre na Tobe Hooper, na 1974, da zare mai faɗin milimita 16 aka ɗauke shi, wanda filin hotonsa kusan rubu'in na milimita 35 ne, don haka ribar da yake samu a sabon faifai ba ta kaifi ba ce sosai, ta daidaiton yashi ce da zafin ranar da ke cikinsa. Mafi yawan 28 Days Later na 2002 da ƙaramar kyamarar bidiyo ta MiniDV aka ɗauke shi, kuma babu injin da zai ƙirƙiro ɗigon da kyamara ba ta kama ba tun farko. Haka nan finafinai masu yawa na shekarun 2000 da 2010 an kammala su ne a kwamfuta a ma'aunin 2K, wanda yawan ɗigonsa bai kai na 4K ba, faifansu na 4K faɗaɗawa ce kawai, ribarsu tana wajen haske da launi da wadatar bayanai.

Launi kuwa batunsa ya fi wuyar yanke hukunci. Sabon faifan yana iya nuna launukan da suka fi na tsohon tsarin Rec. 709 faɗi, kuma ja yana cikin waɗanda suka fi amfana, abin da ke da muhimmanci ga nau'in fim ɗin da jini yake kwarara a cikinsa. Amma wane ja ne na gaskiya? Nagatif ba ya ɗauke da launin ƙarshe, sai an daidaita shi wajen bugu, tsofaffin kwafin sinima kuma da yawansu sun koɗe sun koma ruwan hoda. Suspiria na Dario Argento, na 1977, an buga kwafinsa ne da tsohon tsarin rini na Technicolor a birnin Rum, kuma ja da shuɗin da suka sa ya yi suna daga wannan bugun suka samu ƙarfinsu, don haka duk mai gyara shi dole ya sake gina launin da hannu. Kamfanin Synapse ya yi nasa gyaran ne tare da mai ɗaukar hoton fim ɗin, Luciano Tovoli. Sa hannun irin waɗannan mutane abin so ne, ko da yake ba hujja ce da ta rufe baki ba, domin mutum yana iya tuna abin da ya yi shekara 40 da suka wuce ba daidai ba, yana kuma iya canza ra'ayi.

A ɓangaren sauti, faifan yana ɗauke da sautin da ba a zubar da komai daga cikinsa ba wajen matsewa, ta tsarin Dolby TrueHD ko DTS-HD Master Audio, kuma a kan waɗannan ne ake ɗora Dolby Atmos da DTS:X. Atmos ya fara aiki a gidajen sinima a 2012, kuma bambancinsa shi ne ana iya ɗaukar sauti ɗaya a matsayin abu mai zaman kansa a ba shi wuri a cikin ɗaki, har da saman kai. Ga sabon fim da aka tsara shi da wannan tun farko, abin yana aiki ƙwarai: ana zaune a falon gidan da ke cikin fim, sai a ji katako ya yi ƙara a sama ta hagu, a yi shiru, sai taku na biyu ya sauka daidai saman kan mai kallo, har ya ɗaga ido ya dubi silin ɗakinsa. Akwai kuma layin da aka keɓe wa amo mai kauri, wanda shi ne lamba 1 da ke bayan aya a 5.1 ko 7.1, alƙaluman da ke nuna yawan layukan sauti, yana ɗauke da sautin da bai wuce hez 120 ba. Kunnen ɗan Adam yana fara ji ne daga wajen hez 20, kuma amon da ke kusa da wannan iyaka a ƙirji ake jinsa kafin kunne ya tantance shi, shi ya sa masu haɗa sauti suke shimfiɗa shi a ƙarƙashin fitowar da babu abin da ke faruwa a cikinta, mai kallo ya rasa dalilin da ya sa hankalinsa ya ƙi kwanciya.

Matsalar tana tasowa ne idan tsohon fim ne. Halloween da finafinai da dama na zamaninsa da sauti mai layi ɗaya aka fitar da su, komai daga lasifikar da ke bayan allo yake fitowa. Don a mayar da irin wannan ya zama Atmos, dole a warware shi a rarraba, kuma idan ba a samu kaset ɗin asali da aka ajiye magana daban, kiɗa daban, ƙararraki daban ba, sai a ɗauko sabbin ƙararraki a maye gurbin tsofaffi. A nan ne ake jin tsawar da ba ta cikin fim ɗin a da, ko ƙarar bindigar da ta fi zamanin fim ɗin tsabta, ko ihun da aka tura bayan ɗaki alhali mai yinsa tana gaban kyamara. Wani lokaci ma layin da aka rubuta cewa shi ne na asali, sabon haɗin ne aka dunƙule ya koma layi ɗaya, kuma masu kunnen da suka haddace fim ɗin ne kawai suke ganewa. Akwai kuma share sauti fiye da kima: tsohon sauti yana da 'yar shuuu a ƙarƙashinsa, idan aka kankare ta da ƙarfi sai ta tafi da saman muryoyi da numfashin ɗaki, shirun fim ɗin ya koma shirun na'urar da aka kashe. Shirun da ke tsorata mutum shi ne wanda ake jin iska da ƙugin wuri a cikinsa. Saboda haka faifan da ya ajiye sautin asali yadda yake, kusa da sabon haɗin, ya bar wa mai kallo zaɓi, ya fi wanda ya zo da Atmos shi kaɗai daraja, komai yawan lasifikokin da zai motsa.

Tazarar da ke tsakanin raɗa da ƙara mai firgitarwa ita ma abin dubawa ce. A ma'aunin sinima, kowace babbar lasifika tana iya kaiwa desibel 105 a ƙololuwa, wanda ya yi wa ɗakin zama yawa, don haka wasu kamfanoni suke sake haɗa sautin don gida su rage tazarar. In an yi shi da hankali, ana jin magana ba tare da riƙe rimot a hannu ba. In an wuce gona da iri, bugun ƙofar da ya kamata ya sa mutum zabura sai ya zo daidai da ƙarfin hirar da ta gabace shi.

Duk wannan hukunci, a ƙarshe, ta allon wani da ɗakin wani yake bi, kuma shi ya sa masu sharhi biyu za su kalli faifai ɗaya, ɗaya ya ce duhun ya yi yawa, ɗayan ya ce daidai yake. A talabijin ɗin OLED kowane ɗigo da kansa yake ba da haske, idan aka ce baƙi sai ya mutu ɗungurungum. Ta LCD kuwa fitila ce a bayanta, ko da an raba fitilar shiyya-shiyya, kyandirin nan na ɗakin ƙasa zai fito da wani farin hazo kewaye da shi, wanda yake malala har cikin baƙaƙen layukan sama da ƙasan hoto. Hotunan da ake yankowa daga faifai a kwatanta a intanet su ma ba abin dogaro ba ne sosai, domin sai an sauke su daga HDR zuwa tsohon tsari kafin yawancin allunan kwamfuta su nuna su, kuma saukewar tana canza duhu da launi. Talabijin da yawa kuma suna fitowa daga masana'anta da saitin da ke ƙara kaifi, ya share yashi, ya cusa firam na ƙarya tsakanin 24 na asali, wato suna rushe aikin da mai gyara ya yi wata da watanni yana yi. Don magance haka ne ƙungiyar UHD Alliance ta fito da saitin Filmmaker Mode a 2019, wanda yake kashe waɗannan ƙare-ƙare da dannawa ɗaya. Ko da shi ɗin, matakan haske na HDR an ɗaure su ne da adadin nit tsayayye, an kuma daidaita su a ɗaki mai duhu, don haka fitila ɗaya da aka bari a kunne a gefen kujera ta isa ta haɗiye matakan ƙasa-ƙasan nan, waɗanda a cikinsu ne farar fuskar nan ta Halloween take fara tsirowa a bakin ƙofa.